Yadda Rufa'i Mai Faci Ya Zana San Surukinsa

Wannan abu ya faru a Mubi bayan mutane sun dawo daga gudun hijira. Ko shekarar farko ce bayan dawowar, ko ta biyu, wannan ya kuɓuce mini. Abin da na riƙe shi ne ruwan farko bai sauka ba tukuna, kuma rabin shagunan gari ba su da allo a ƙofa. Wasu allunan sun ƙone, wasu an shafe hotunansu da baƙin fenti. Duk wanda ya sake buɗe shago sai ya nemi mai zane, mai zane kuwa ɗaya ne tak a unguwar, wani tsohon malamin makaranta daga duwatsun Michika, sunansa Elkana, amma kowa Baba Ticha yake ce masa.

Daura da darbejiyar da Baba Ticha yake aiki a ƙarƙashinta akwai rumfar Rufa'i mai faci. Shi Rufa'i tun da aka haife shi bai taɓa ganin ana wani aiki ya ce bai iya ba. Ran nan yana zaune a kan tsohuwar taya, yana kallon jama'a sun yi layi wajen tsohon, shi kuwa tun safe ko keke bai tsaya masa ba. Sai ya goge hannu a riga ya tsallaka titi.

"Baba Ticha, sannu da aiki. Wannan zanen naka, abu nawa ne a cikinsa?"

Tsohon bai ɗago daga allon da yake shafawa ba. Ya ce, "Tushensa huɗu ne, ɗana. Akwai layi, hannunka ya iya jan layi ba ya rawa. Akwai awo, ka san girman kai a kan girman jiki. Akwai inuwa, ka san inda haske ya sauka da inda bai kai ba. Sai nesa da kusa, abin da ke kusa ya fito babba, na nesa ya ƙanƙance."

"Shi ke nan?"

"Kowanne wata uku. Sai ka gama ɗaya ka shiga ɗaya."

"Shekara guda ke nan fa! Haba Baba. Ni da nake cire taya, in gano huji, in liƙe, in hura iska, duk ina hira da direba? Haɗa mini su gaba ɗaya. Nan da Juma'a zan zo in rage maka wannan layin."

Kwaji mai aski, wanda shagonsa yake jikin rumfar Rufa'i, ya leƙo daga tsallaken titi da almakashi a hannu. "Oga Rufa'i, facin da ka yi mini jiya ma, kafin in kai gada ya sace."

"Hanya ce ba ta da kyau."

"Tura keken na yi, ban hau ba."

"To turawar ce ba ka iya ba."

Baba Ticha mutum ne mai haƙuri, ya shekara talatin yana fama da 'yan aji. Ya zaunar da Rufa'i ya nuna masa duka huɗun, kaɗan-kaɗan, yana cewa ya riƙe na farko kawai ya bar sauran. Rufa'i yana ta gyaɗa kai, amma daga nan kantin littattafai ya wuce. Ya sayo fensir huɗu, kowane darasi da nasa. Biyu ya maƙala a kunnuwa, ɗaya a baki, ɗaya a hannu.

A gida ya dasa butar alwala a kan turmi, ya hana kowa taɓa ta har la'asar. Ya ja layi da fensirin hannu, kafin layin ya kai ƙarshe ya tuna da inuwa, ya zaro na kunnen dama ya hau shafawa. Yana cikin shafawa ya tuna bakin buta ya fi kusa da shi, ya cire na baki ya ƙara masa tsawo. Da ya gama ya kira matarsa Zulaiha.

Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa. Ta ce, "Baban Khalid, me ya sami wuyan zabuwar nan?"

"Wace zabuwa? Buta ce!"

"To Allah ya ba ta lafiya. In ka gama da ita ka ba ni, lokacin salla yana wucewa."

Washegari ya fita da darasin awo. Baba Ticha ya nuna masa yadda ake miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna abu daga nesa da babban yatsa. Wannan ya yi wa Rufa'i daɗi fiye da komai, don yana sa mutum ya yi kama da masani. Ya auna mai ƙosai, ya auna jakin mai ruwa, ya auna liman yana fitowa daga masallaci, har liman ya tsaya ya duba rigarsa gaba da baya. Haka ya yi ta tafiya yana aune-aune har ya isa shingen da ke bakin mayo, wato kogin gari, inda 'yan banga suke duba masu shiga gari. A lokacin gari bai gama kwanciya ba. Mutum ya tsaya daga nesa, ya rufe ido ɗaya, ya nuna shinge da wani abu mai tsini, sannan ya duƙa ya rubuta a takarda, ai ba sai an faɗa ba. Kafin ya buɗe ɗaya idon har an riƙe masa hannaye biyu.

"Me kake aunawa? Wa ya aiko ka?"

"Ranka ya daɗe, mai zane ne ni."

Shugabansu, wani dattijon maharbi mai layu a damtse, ya karɓi takardar. Ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa na gaba, har ta zagayo.

"Wannan mene ne?"

"Shingenku ne. Ga buhunan yashi, ga ganga, ga kai nan a tsaye."

"Ni ne wannan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Nesa ce ta rage ka."

Maharbin ya ninke takardar ya mayar masa. Ya ce wa yaransa, "Ku sake shi. In wannan ce taswirar da zai kai wa maƙiya, Allah ya sa su bi ta."

Rufa'i ya dawo unguwa yana ba da labari cewa har jami'an tsaro sun karɓi aikinsa sun zagaya da shi hannu-hannu.

A rana ta uku, ko ta huɗu, sai ga surukinsa, mahaifin Zulaiha, ya sauka daga Sorau. Baffa Sulaiman ke nan, Bafulatani mai ƙarancin magana. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga garkensa duka, shanu biyu ne suka tsira a lokacin gudu, su ne yake huɗa da su. To ɗaya ya tsinke igiya kwana biyu da suka wuce, an bi sawunsa har wajen Mubi sawun ya ɓace. Farin sa ne tas, ana ce masa Daneri. Sa ɗaya ba ya jan garma, ruwa kuma ya kusa sauka. Abin da ya fi damun Baffa, saura kwana uku ranar kasuwar shanu, in san ya faɗa cikin waɗanda ake lodawa a tirela zuwa kudu, an rabu ke nan.

"Zan je wajen Sarkin Tike, shugaban kasuwar shanu, a yi cigiya," in ji Baffa.

Rufa'i ya gyara zaman fensir a kunne. "Baffa, cigiyar baki ai ta mutanen da ce. Kowa ya ji farin sa, farin sa nawa ne a Mubi? Ka huta. Zan zana maka Daneri yadda ko makaho ya shafa takardar zai gane shi. A liƙa ko'ina a gari."

Zulaiha ta yi tari daga bakin murhu. Baffa kuwa kunyar suruki ta hana shi musu. Ya ce, "To, Malam Rufa'i, Allah ya taimaka." Ya tashi ya tafi neman san a ƙauyukan wajen Betso, ya bar masa cikin gari da kasuwa.

Rufa'i ya shimfiɗa babbar takarda a tsakar gida. Ya yanke shawarar san ya fuskanci mai kallo a karkace, don nesa da kusa su fito sosai. Saboda haka kai ya cinye rabin takarda, gindi ya tsuke kamar na ɗan akuya. Ƙahon da ke kusa ya miƙe har ya kusa fita daga takardar, na nesa ya zama ɗan guntu kamar yatsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga tana hagu, ya kama ɓangaren dama ya shafe shi baƙi ƙirin tun daga wuya har wutsiya.

Zulaiha ta tsaya a kansa da ludayi. "Baban Khalid, Daneri fa fari ne. Ni na yi kiwonsa yana ɗan maraƙi."

"Fari ne mana. Wannan inuwa ce."

"Mai gani zai san inuwa ce?"

"Mai ilmi zai sani."

"Dillalan shanu za ka liƙa wa. Kuma wa ya karya masa ƙaho?"

"Ba a karya ba, nisa ya yi."

"Tsakanin ƙaho da ƙaho har akwai nisa? A kai ɗaya fa suke."

"Zulaiha, je ki duba miyarki."

Ya kai wa Baba Ticha. Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Ɗana, don Allah ɗauki farar takarda ka rubuta: an ɓatar da farin sa. Ka sa lambar wayarka. Ya isa."

"Baba, kada dai ka ce kishi ya fara tun yanzu."

Kwaji ya leƙo ta kafaɗarsa. "Kai! Wannan abin in ya shigo shagona da gudu zan bar masa kujera."

Rufa'i bai kula su ba. Ya kai takardar wajen masu fotokwafi, injin kuwa tawada ta yi masa yawa, abin da yake toka-toka ma ya fito baƙi. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe, WANDA YA GA WANNAN SA, ya sa lambar waya. Bai rubuta launi ba, ya ce hoto ya riga ya yi magana. Ya liƙa a tasha, a bakin asibiti, a jikin bishiyoyin hanyar Sahuda, har da ƙofar Tike.

Waya ta fara ruri tun kafin ya dawo gida. Wani ya ce ya ga irin wannan dabba a dutse lokacin gudu, amma bai tsaya ba. Wata mata ta roƙi a cire wanda aka liƙa kusa da makarantar yara. Wani kuma ya tambaya ko fim ne za a nuna. Rufa'i ya ce wa Kwaji, "Ka ji ko? Gari ya ɗauka."

Ranar kasuwa da hantsi waya ta sake bugawa. Wani dillali ne, yana haki. "Malam, maza ka zo Tike. Ga sanka nan a tsaye, kamar an ciro shi daga takarda!"

Rufa'i ya rufe rumfa, ya ja Kwaji da Baba Ticha don su zama shaidu, ya kira Baffa a waya ya ce ya taho ya karɓi dukiyarsa. A Tike ƙura ta tashi, shanu suna kuka, tireloli sun ja layi an jingina musu katakon lodi. Dillalin ya kai su wani lungu. Ga sa nan kuwa: ƙaton kai, tsukakken gindi, ɓangare ɗaya baƙi, ƙaho ɗaya dogo, ɗaya guntu. Har Baba Ticha sai da ya ja da baya ya ce, "Ikon Allah."

Rufa'i ya cafke igiyar. "Asiri ya tonu! Wa ya kawo wannan sa?"

Wani gajeren mutum mai faffaɗan ƙirji, manomi daga Betso mai suna Mark, ya ajiye rakensa ya taso. "Ni na kawo. Lafiya?"

"San surukina ne. Ga hoto."

"Wane surukinka? A gidana aka haife shi! Ƙahon nan a gabana ya karye, garin faɗa da san maƙwabci."

"Ba karyewa ya yi ba, nisa ne."

"Nisan me? Sakar mini igiya, Malam!"

Mark ya ja, Rufa'i ya ja, san ya tsaya a tsakiya yana tuƙa. Kasuwa ta watse ta taru a kansu. Masu lodi suka rage mutum biyu kawai a bakin tirela, sauran duk sun zo kallo. Aka kira Sarkin Tike, ya zo da sandarsa, ya karɓi takardar, ya zagaya san sau biyu yana dubawa.

"Gaskiya hoton nan na wannan sa ne," in ji shi.

Rufa'i ya juya ga jama'a ya buɗe hannaye. "Kun ji! Kwana shida kacal na yi ina koyo. Baba Ticha, faɗa musu, wata nawa ka ce?"

Mark ya rantse da duk abin da ya sani, ya ce a aika Betso a tambayi mai unguwa. Ana cikin haka jama'a suka dare, Baffa Sulaiman ya shigo, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Rufa'i ya durƙusa, ya miƙa masa igiya da hannu biyu.

"Baffa, ga Daneri."

Baffa ya dubi san. Ya dubi surukinsa. Ya sake duban san.

"Malam Rufa'i, wannan ba nawa ba ne."

"Baffa, duba da kyau. Ga hoton."

"Na ga hoton. Hoton ma ba nawa ba ne."

Dariya ta fashe tun daga gaba har baya. Mark ya fizge igiyarsa. Sai aka ji muryar wata mata tana turo mutane da gwiwar hannu, tana cewa a ba ta hanya ta ga Sarkin Tike. Miriyamu ce, wata manomiya daga Sahuda, zani ɗaure a ƙugu.

"Ranka ya daɗe, tun safe ina nemanka, an ce kana shari'a. Wani farin sa ya shiga gonana kwana biyar ke nan, ya cinye mini harawa. Na ɗaure shi ina jiran mai shi."

Baffa ya matso. "Fari tas?"

"Tas, Baba. Har na ga takardan cigiya a bishiya a hanyanmu, na yi murna, na tsaya na duba. Sai na ga baƙi ne mai ƙaho ɗaya. Na ce to, ba shi ba ne, na wuce."

Kwaji ya dafa kafaɗar Rufa'i. "Oga, da ba ka zana ba, da tun shekaranjiya an gama."

"Yana ina yanzu?" in ji Baffa.

"Na zo da shi, na ɗaure shi can jikin turke, kusa da babban mota."

Duk aka juya. Turke yana nan, igiya tana ƙasa, sa babu. Masu lodin nan biyu da aka bari, ganin ba mai tsaye a kansu, sun haɗa duk abin da ke kusa da tirela sun kora. Can saman katako, a tsakiyar jajayen shanu, ga wani farin tozo yana shiga, direba har ya tayar da mota.

Rufa'i ya zabura da gudu yana ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!" yana kaɗa takarda a sama. Ba wanda ya ji shi saboda ƙarar inji. Baffa kuwa ko taku ɗaya bai yi ba. Ya sa hannu a gefen baki, ya yi wani siririn kira irin na makiyaya, ya ja shi, ya ƙare da sunan san.

Farin tozon ya tsaya cik. Daneri ya juyo a kan katakon da ko mutum da ƙyar zai juya, ya ture jajaye biyu, ya gangaro da gudu. A daidai lokacin Rufa'i ya iso gindin katakon. Bai auna nesa ba, bai auna kusa ba, sai ganin ƙaton kai ya yi ya cika masa ido. Ya yi tsalle gefe ya faɗa zaune cikin abin da shanu ɗari suka bari tun safe. Fensiran kunne suka yi nasu wuri. Daneri ya wuce shi ya je ya sa hanci a tafin Baffa.

Sai da Sarkin Tike ya buga sanda sau uku kafin dariya ta lafa. Ya sa Rufa'i ya ba Mark haƙuri a gaban kowa, ya ba Miriyamu haƙuri, ya kuma yi alkawarin bin gari ya ɓamɓare takardun nan kafin azahar. Mark ya huce, har ya tsinci hoton daga ƙasa ya karkaɗe.

"Wannan kam zan tafi da shi gida," in ji shi. "Tun da nake ba a taɓa yi wa sana hoto mai kyau haka ba."

Rufa'i, yana tsaye wando yana ɗiga, ya ɗan miƙe wuya. "Baba Ticha, ka dai ji da kunnenka."

"Na ji, ɗana. Gobe ka zo da fensir ɗaya."

Baffa Sulaiman ya yi wa Miriyamu godiya mai yawa, ya ce zai aiko mata da harawa daga Sorau. Ya ɗaura wa Daneri igiya, ya kama hanyar fita. Har ya yi 'yan taku, sai ya tsaya, ya yafito surukinsa. Rufa'i ya matso ya rusuna, yana jiran faɗa. Baffa ya rage murya, amma a Tike ranar ba kunnen da bai miƙe ba.

"Malam Rufa'i, na gode da ƙoƙari. Sai dai ina da roƙo ɗaya."

"Faɗi, Baffa."

"Na tsufa, wata rana ina iya fita in kasa gane hanyar gida. In haka ta faru, don girman Allah kada ka zana ni. Ka bar Zulaiha ta yi cigiya da baki."